Gaisuwar Mai Jan Keke

Zuwa ga ƙanwata, autar gidanmu,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran duka. Allah ya ba ki juriyar tsayuwar asibiti, ya yaye miki ciwon bayan nan da kika ce yana tasar miki in kin daɗe a kan marasa lafiya, ya sa albarka a abin da kike nema. Mu ma nan lafiya muke, sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana taka matakalar nan uku ba tare da ta dafa bango ba, sai dai ta ce tun da likita ya raba ta da gishiri ba ta ƙara cin abinci ba, magani kawai take taunawa. Matar yayanki tana nan da almakashinta da bakinta, babu wanda ya dakushe a cikinsu. Babbar 'yarki ta wajena ta gama jarrabawa tana jiran sakamako. Yawo take a gida da iyafis a kunne, in kana son magana da ita sai ka tsaya a gabanta ka yi ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Ni kuwa ina nan a ɗakin karatu ina gadin littattafai. Masu zuwa suna zuwa, galibinsu don fanka da wurin caji.

Na san za ki yi mamakin ganin ambulan da kan sarki daga mutumin da kuka yi waya da shi shekaranjiya. Labarin da zan ba ki ne ba ya son katsewa, ke kuwa tun kina goye a bayan Mama ba a taɓa kai zance ƙarshe a gabanki ba. Sannan akwai kunya. Sau uku kina tambayata ko Baba yana jin daɗin 'yar na'urar waƙar da kika aiko masa, sau uku ina ce miki yana ji, sai in karkata zancen zuwa ciwon bayanki. To yau ga gaskiya. Kyautarki, da taimakon wautata, ta kusa tsinka zare ɗaya tak da ya rage tsakanin Baba da Baffa, zaren da ni da ke ba mu ma san da shi ba. Kada gabanki ya faɗi, bai tsinke ba. Amma ki nemi wuri ki zauna ki ji yadda aka yi, don a ƙarshe akwai aikin da zan ba ki.

Kina 'yar makaranta lokacin da suka ɓata, don haka bari in tuna miki. Da ciwon Kaka ya tsananta, Baba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu a kan jan keken gidan waya, bai ga abin da ya fi wasiƙa aminci a duniya ba. Sai ya zauna ya rubuta wa ƙaninsa takarda da kyakkyawan rubutun nan nasa, ya liƙa kan sarki, ya jefa a akwati da hannunsa. Takardar ta isa shagon Baffa kwana biyu bayan an binne Kaka. Da Baffa ya zo, a tsakar gida, a gaban masu gaisuwa, ya ce wa Baba ya kai wa duk gari saƙonsu a kan lokaci, nasa kaɗai ya ga dama ya makarar. Baba ya ce mutumin da yake gyara wa jama'a agogo bai kamata a gaya masa lokacin da ake leƙo uwa ba. Shi ke nan fa. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma su a baki ɗaya suke kwana. Waɗannan kuwa shekara goma sha tara ba su haɗa inuwa ba. Kin san ko sunan Baffa ba a ambata a gidanmu, in dole ta kama sai a ce mutumin can.

Kin kuma san rediyon Baba, mai rigar fatar nan da ta yi baƙi saboda hannu, wanda eriyarsa ta karye aka ɗaure da zare, murfin batir kuma aka tokare da guntun kwali. Shi ne kika ji yana ƙara a bayan muryar Baba ranar da kuka yi waya, kika ce mini abin kunya ne uba mai 'ya'ya irinmu ya riƙa sauraron abu mai shuuu kamar ana suya. Bayan wata guda sai ga saƙonki: na'ura ba ta fi kwalin ashana ba, da waƙoƙi ɗari shida a cikinta. Na san wahalar da kika sha kina tattaro tsofaffin waƙoƙin zamaninsu ɗaya bayan ɗaya, har da waccan da Kaka take rerawa in tana ninke wanki. Kika ce in ɗauke tsohon akwatin nan kada ya ƙarasa masa kunne.

Ni da na karanta littattafai a kan ci gaban zamani, sai na zaunar da Baba na yi masa lacca. Na ce yanzu ya huta da jiran wani ya ga dama ya sa masa waƙa, ya huta da talla da surutun masu gabatarwa, abin da ransa yake so shi zai ji, a lokacin da yake so. Ya saurare ni da haƙurin da ake yi wa ɗan fari. Na sa masa iyafis, na danna masa waƙar Kaka. Ya ji ta har ƙarshe idonsa a rufe, ya cire, ya shi miki albarka mai tsawo, ya naɗe na'urar a hankici ya sa a aljihun gaba. Kamar haɗin baki, a makon ne rediyon ya ɗauke murya gaba ɗaya. Ranar Talata na kai shi wurin mai gyara, na ajiye, na juyo ina jin na cika umarninki ba tare da na yi laifi ba.

Sau biyu Baba ya tambaye ni rediyonsa. Na ce irin kayansa sun yi wuya, ai ga na Auta nan, waƙa ɗari shida. Bai ƙara tambaya ba. Daga baya Mama ta ce mini ya ce ba zai nace ba, kada a ce ya raina kyautar auta. Sai dai mutum ya soma canzawa. Abinci ya koma tsakura, hira ta koma e da a'a. Kuma duk ranar Alhamis, in huɗu ta kusa, sai ya sa takalmi ya fita. Sai daga baya na ji inda yake zuwa. Ya je shagon mai aski, ya tarar kiɗa yake sha daga ɗan katin da ake cusa wa lasifika. Ya je wurin tela, wayarsa ce a kunne. Mai shagon kusurwa ya ce rediyonsa tun bara ya ba wa wani. Mai gadin ma'ajiyar motoci yana da rediyo, amma ƙwallo yake ji, kuma ba ya canza tasha ko don uban wani. Tsohon da ya san kowace ƙofa a unguwar nan ya bi layi kaf yana kasa kunne, bai sami tagar da ake jin tashar da yake nema ba. In ya dawo yana gumi, ni da hikimata sai in yaba masa, in ce motsa jiki yana da kyau ga masu shekaru, na karanta.

Mako shida aka yi a haka. Matar yayanki ta ce mini in karɓo rediyon Baba, na yi mata bayanin zamani. Ta sake faɗa, na ƙara mata bayani. A karo na uku ta ajiye almakashi ta ce in ban karɓo shi yau ba, to in ci littafi da yamma. Hujjar da ta fi ƙarfina ke nan, sai na tafi. Ranar Alhamis ce. Shagon mai gyaran ɗan lungu ne, gawawwakin rediyoyi jibge har rufi, shi kuma yanzu fuskar waya yake liƙawa. Ya ce ai tun makon farko ya gama, waya ɗaya ce ta cire ya ɗora mata dalma, yana ta jirana. Don ya nuna mini aikinsa sai ya kunna, allurar tana nan inda Baba ya bar ta. Huɗu da 'yan mintuna. Filin gaishe-gaishe ake yi, wanda masu sauraro suke aika kati a karanta musu, a sa musu waƙa. Ina laluben aljihu sai na ji mai gabatarwar ta ce ga kati na uku a jere daga Mai Agogon Bango zuwa ga Mai Jan Keke. Ta ce yana tambaya ko taya ce ta sace, ko kuwa mai keken ne ya sauka. Yana roƙon duk wanda ya san Mai Jan Keke ya sanar ko yana raye. In kuwa yana raye shiru ya zaɓa, to ya fahimta, wannan ne katinsa na ƙarshe, ba zai ƙara damun mutane ba. Sai ta sa waƙar Kaka.

Auta, rashin sani ya fi dare duhu. Na tsaya a lungun nan riƙe da makullin mota, mai gyara yana tambayata ko sautin bai yi mini ba. Na rungumi rediyon na dawo gida, na ja matar yayanki ɗakin ɗinki na rufe ƙofa, na ce ina da babban labari. Ta bar ni na gama, ta cire allura daga bakinta, ta ce barka da isowa. Ta ce ita shekararta goma sha ɗaya da sani, Mama kuwa tun farko. Shekara goma sha biyar ke nan tsofaffin nan biyu suna gaisawa ta rediyo. Wannan mako Mai Jan Keke ya gaida Mai Agogon Bango, da fatan agogo yana tafiya daidai. Mako mai zuwa Mai Agogon Bango ya amsa, da fatan taya ba ta sace ba. Ba sa ƙara kalma, ba sa canza waƙa. Wanda ya fara aikawa babu mai sani, Mama ta ce ko an tambaye su kowa zai ce ɗayan ne. Na ce to don me ba su gaya mini ba. Ta ce Mama ta ce ranar da Baba ya gane an sani, ranar zai daina. Ko wata a cikinsu ta kunna masa tashar a wayarta, daidai yake da ta ce mun gane ka. Mutum ɗaya ne zai iya dawo da rediyon Baba bai zargi komai ba, wato wanda ya ɗauke shi, don kowa ya san shi ba ya lura.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne ƙa'idarsu, wadda ba su taɓa zama suka tsara ba amma kowa yake kiyayewa kamar dokar aiki. Ba ka aikawa sai ka ji amsa. Makon da na ɗauke rediyon, Baba ya riga ya aika nasa, amsar Baffa ake jira. Tun da bai ji ta da kunnensa ba, bai san ko ta zo ba, kuma ya aika sau biyu a jere a wurinsa roƙo ne. Sai ya zauna yana ramewa da martabarsa. Baffa kuwa ya amsa, ya jira, ya ji shiru. Ki tuna halin Baffa, ki auna abin da ya ci masa kafin ya karya ƙa'ida ya aika kati na biyu, balle na uku. A wurin irinsu wannan ya fi durƙuso a tsakiyar kasuwa.

Allah ya taimake ni, tashar tana maimaita shirin ranar Asabar da hantsi. Na ɓoye rediyon kwana biyu a ƙarƙashin jaridu. Ranar Asabar na sa masa sabon batir, na ajiye a kan ɗan teburin baranda kusa da kujerar Baba, na ce an samu kayan. Ya shafa rigar fatar, ya kunna. Na koma gefe na buɗe littafi, shafi ɗaya na yi ta kallo. Da aka karanta katin Baffa, Baba ya miƙa hannu ya kashe rediyon tun waƙar ba ta yi nisa ba. Ya shiga ɗaki ya fito da kati da biro, ya rubuta, ya liƙa kan sarki, ya danna da babban yatsa. Sai ya tsaya yana kallon katin. Ya ce, kamar da kansa yake magana, katin da aka jefa Asabar ba ya tashi sai Litinin, ba ya isa sai Laraba, in an yi sa'a a karanta Alhamis, in ba a yi ba sai wata. Ya ce ya taɓa ba wa akwati saƙon gaggawa sau ɗaya, wannan ya ishe shi darasi. Ya ce Mama ta ɗauko masa tsohuwar jakarsa ta aiki, zai kai wata wasiƙa. Mama ba ta tambayi ta wa ba, ta ce dai ya canza takalmi, wannan yana matsa masa. Na ce ni ma ina da wani aiki a can wajen, bari in kai shi. Ya ce tun yaushe ɗakin karatu yake da aiki ranar Asabar, amma ya shiga motar. Jakar kuwa bai bari na taɓa ba.

Tafiyar awa huɗu ce, kin sani. Awa biyu yana rungume da jakar yana kallon hanya. Don in buɗe hira na tambaye shi ko in sa mana waƙa daga na'urarki. Ya taɓa aljihunsa ya ce a bar ta. Ya ce abin Auta abin kirki ne, sautinsa tas, kuma waƙar uwarsa tana ciki, ya ji ta ya fi sau ɗari. Amma waƙar da mutum ya zaɓa wa kansa kamar wasiƙa ce da ya rubuta, ya sa sunansa a baya, ya jefa, ya koma gida yana jira. Za ta zo, ba ta ɓata, sai dai babu labari a ciki. Ta rediyo kuwa, ko da shuuu ɗinta, in ta zo ka san wani ya tashi ya sayi kati, ya tuna da kai, kuma a daidai wannan lokaci shi ma yana zaune yana ji. Na yi shekara ashirin ina jera littattafai, ban tarar da wannan a ko ɗaya ba. Na so in faɗi wani abu mai ma'ana, sai na ce masa man motar ya isa.

Shagon Baffa yana nan yadda kika san shi, siriri kamar soro, bango cike da agoguna kowane da nasa ra'ayin. Baffa ya tsufa, Auta, gashinsa ya yi fari fat, kuma ya koma kamannin Baba har abin ya ba ni tsoro. Yana sunkuye da madubin nan a ido ɗaya, ga rediyonsa a gefen tebur. Baba bai shiga ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yadda yake tsayawa a ƙofar mutane, ya buɗe jaka, ya fito da katin, ya tambaya da muryar aiki ko akwai wani Mai Agogon Bango a nan. Baffa bai ɗago ba, amma wani ɗan ƙusa da bai kai ƙwayar gero ba ya faɗi ƙasa. Can ya ce akwai, kuma gidan waya ya makara kamar yadda ya saba. Baba ya ce mutumin da yake da agogo arba'in babu biyu da suka yarda da juna bai kamata ya yi zancen makara ba. Baffa ya miƙo hannu ya karɓi katin, ya karanta da madubinsa, ya juya, ya ce ba a buga wa kan sarkin hatimi ba, ba zai karɓi wasiƙar da ba ta bi ƙa'ida ba. Baba ya karɓe, ya ja layi biyu a kan kan sarkin, ya rubuta kwanan wata, ya mayar masa. Sai Baffa ya tura masa kujera da ƙafa.

Ban ga runguma ba, kada ki sa rai. Abin da na gani shi ne Baffa ya ce ƙusansa ya faɗi kuma na agogon mutane ne, sai tsofaffi biyu suka durƙusa suka shiga ƙarƙashin tebur suna lalube. Na zo zan taya su, suka haɗa baki suka ce in matsa ina tare haske. Karo na farko ke nan cikin shekara goma sha tara da suka yarda a kan abu ɗaya, kuma a kaina ne. Daga bakin ƙofa na jiyo Baffa yana tambaya a hankali ko Kaka ta neme shi. Baba ya ce ta neme shi har ƙarshe, shi kuma yana ta ce mata yana hanya, don ya ɗauka yana hanyar. Ya ce da ya hau mota ya zo da kansa. Baffa ya ce shi ma da ya leƙo tun ba a aika ba. Suka ci gaba da lalube a can ƙasa, agoguna suna ta bugawa. Na fita na duba tayoyin mota guda huɗu, na sake duba su. Da na dawo suna zaune suna gardama a kan shekarar da aka yi wa gidan Kaka rufin kwano. Ƙusan dai har yau ban ji an ce an gan shi ba. Da gaskiyar masu iya magana, zumunta a ƙafa take, ko da ƙafar ta tsaya gyara takalmi shekara goma sha tara.

Tare da Baffa muka dawo, yau kwanansa goma a gidanmu. Ya gyara agogon falo da ba wanda ya ce ya lalace, ya kuma gaya wa Mama likitoci ba su san gishiri ba, don haka yanzu ba ta da ɗan uwa kamarsa. Alhamis ɗin da ta wuce, saura kwata huɗu ta cika, suka fito baranda, Baba ya kunna rediyon, ya yi tari biyu ya mutu, wannan karon mutuwar gaske. Na ga fuskar Baba. Baffa ya ce a ba shi abin Autar nan ya gani. Ya juya na'urar, ya nemi inda zai sa sukurdireba bai samu ba, ya ce wanda ya ƙera ta ba ya son talaka ya ci abinci. Sai ya tambayi takardar bayanin da ta zo da ita. Aka nema, aka same ta a cikin littafin da nake karantawa, da ita nake sa alamar shafi. Baffa ya sa madubi, ya bi layi na ɗaya, na biyu, na uku, ya ɗago ya kalle ni ta saman madubin. Auta, akwai rediyo a cikin na'urarki. Tun ranar da ta zo yana ciki, a aljihun Baba, duk Alhamis ɗin da yake zaga unguwa yana neman tasha. Wayar iyafis ɗin ita ce eriya. Ni da aikina shi ne in ce wa mutane su karanta, kusan wata biyu ina naɗe wannan takarda a hannuna. Matar yayanki ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa.

Baffa ya kamo tashar, ya sa kai ɗaya a kunnensa na dama, ya miƙa wa Baba ɗayan. Wayar gajera ce, ba ta kai tsakanin kujeru biyu ba, dole suka koma kan benci ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, in ɗaya ya juya kai sai na ɗayan ya fita a yi ta mita. Da kin ga wannan da kin san kuɗin jirgin kyautarki bai tafi banza ba. Sai dai ga inda aikinki ya shigo. Tun da masu gaisuwar duka biyu suna zaune a benci ɗaya, babu wanda ya aika kati. Suka saurari shirin daga farko har ƙarshe, ba a kira Mai Jan Keke ba, ba a kira Mai Agogon Bango ba. Baba ya ce shirin ya lalace, yanzu mutanen da ba a sani ba ne suke gaida mutanen da ba a sani ba. Baffa ya ce tun da aka canza mai gabatarwa ya ga alama. Amma ina kallonsu, duk lokacin da ta ce ga wani kati, kawunan nan biyu farare sai su ɗago tare.

Don haka na rubuta miki adireshin tashar a bayan wannan takarda. Kada ki aika ta waya, ko da sun ce suna karɓa. Ki sayi kati, ki rubuta da hannunki, ki gaida su biyu a layi ɗaya, waƙar kuwa kin san ta. Ki zaɓi sunan da za su gane ki da shi ba tare da kin faɗi naki ba. Baba ba zai tambaye ki ba, ke ma kada ki taɓa ɗauko zancen, don matsayin gidanmu a hukumance shi ne babu wanda ya san komai. Ni na riga na jefa nawa, matar yayanki ce ta raɗa mini suna, za ki gan shi a ƙasa. Naki zai daɗe a hanya, don haka kada ki jira sai kin huta. Mu gidanmu mun san abin da makarar wasiƙa take yi.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki riƙa sa matashi a baya in kin zauna. Matar yayanki tana gaishe ki, ta ce ki aiko da awon yaran kafin su fi ƙarfin yadin da ta ajiye. Babbar 'yarki ta cire iyafis ɗaya ta ce a gaishe ki, wannan kuwa girmamawa ce babba. Baffa ya ce a gaya miki abinki ba shi da laifi, masu riƙon ne. Ki gaida maigidanki da kyau, ki shafa mini kan yaran, musamman ƙaramin da aka ce ya gado bakinki, Allah ya ba malamansa haƙuri. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ki tuna, duk Alhamis da ƙarfe huɗu akwai kunnuwa biyu a kan benci suna jiranki, ɗaya na Baba, ɗaya na Baffa.

Ni ne yayanki mai ƙaunarki,
Mai Karatu Bai Duba Ba